Madugu Marar La'ada: Malamin Sikawut a Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin fareti ranar 27 ga watan Mayu, wadda hukuma ta keɓe wa yara, ko ranar 1 ga Oktoba ta tunawa da samun mulkin kai, a Ƙaraye ne ko a Rogo ko a wani gari daga garuruwan yammacin Kano, ya san yadda idon jama'a yake tafiya: yana bin yaran nan masu kaki da ƙyalle a wuya, waɗanda ake kira 'yan sikawut, tun daga inda suka ɗaga ƙafa har inda suka sara wa manyan baƙi, sa'an nan a yi tafi, a watse. Amma da mai kallo zai kau da kai kaɗan daga sahu ya dubi gefen fili, da ya ga wani mutum, galibi malamin makaranta wanda furfura ta fara leƙowa a gemunsa, da usur rataye a wuya da jarkar ruwa a gabansa, yana motsa leɓe yana ƙirga taku tare da yaran, alhali kuwa ba wanda zai ambaci sunansa a lasifika, ba kuwa wanda zai tambaye shi daga aljihun wa kuɗin motar da ta kawo su ya fito. A kan wannan bawan Allah nake nufin in yi magana, domin a ganina shi ne ginshiƙin ɗakin, kuma a duk makarantar da aka ce sikawut ta mutu, in an bi sawu za a tarar irinsa ne ya tashi ba a sami magaji ba.

Asalin ƙungiyar ba ɓoyayye ba ne. Wani hafsan sojan Ingila, Robert Baden-Powell, wanda ya yi suna a yaƙin Afirka ta Kudu sa'ad da aka tsare shi da mutanensa a garin Mafeking kwana 217, daga 1899 zuwa 1900, ya lura da cewa yaran garin da aka sa aikin kai saƙo suna riƙe amanar da aka ɗora musu fiye da yadda manya suke zato; bayan ya koma gida sai ya tara yara kamar 20, 'ya'yan masu hali da 'ya'yan talakawa, ya fita da su zango a tsibirin Brownsea a 1907, ya raba su rukuni-rukuni, ya naɗa wa kowane rukuni shugaba daga cikinsu, a shekara mai biye kuma ya wallafa littafin da ya zama tushen tsarin. Sikawut ta iso Ikko a 1915, ƙungiyar Nijeriya ta shiga sahun ƙungiyar duniya da sunan kanta a 1961, kuma a duwatsun Shere da ke Jos aka yi babban taron 'yan sikawut na Afirka duka na farko a 1977.

Ba kuwa zan rufe wa mai karatu cewa mutumin nan sojan mulkin mallaka ne, yana cikin rundunar da ta shiga Kumasi a 1896 ta tuɓe Sarkin Asante, kuma alƙawarin da yara suke ɗauka a zamanin Turawa ya ƙunshi biyayya ga Sarkin Ingila. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan dattijon da ya ga an kwashi samari zuwa yaƙin Bama ya yi ɗari-ɗari da duk wani abu mai kaki da maci, ya ɗauka hanyar soja ce ko tarkon mishan. Sai dai hikima, in ta tabbata hikima ce, ba a ƙin ta don munin wanda aka same ta a hannunsa. Malam Aminu Kano, wanda ba mai tuhumarsa da son mulkin Turawa, ya yi harkar sikawut, kuma sa'ad da yake karatu a London ya halarci taron duniya da aka yi a Faransa a 1947. Yau 'yan ƙungiyar sun haura miliyan 50 a ƙasashe fiye da 170, ƙasar da ta fi kowace yawansu kuwa ita ce Indonesiya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi. Larabawa suna kiransu kashshafa, kuma alhazanmu da suka taɓa ɓacewa a Mina sun san samarin Saudiyya masu ƙyalle a wuya da suke kama hannun tsoho su mai da shi hemarsa. Mas'alar halacci dai an wuce ta tuntuni. Abin da ya saura shi ne kaifiyyar aiki, da kuma wanda zai yi shi.

Mu kuwa ba baƙi ba ne ga tsara matasa. Kafin boko, kowane gari yana da sarkin samari da 'yan majalisarsa, su ne masu kiran gayya in za a nome gonar gajiyayye ko a gyara hanyar kasuwa bayan damina, kuma ba mai biyansu sai fura da godiya. A Jamhuriyar Nijar ma gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da wannan al'ada da sunan Samariya bayan 1974, ta mai da ita hanyar ayyukan raya ƙasa. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro su ma ba su fita sai da madugu, da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da wurin sauka. Sunna kuma ta hori matafiya, ko da su uku ne, da su naɗa amiri a tsakaninsu. Don haka nake kiran malamin sikawut madugu, sai dai shi madugun fatake yana da rabonsa a cikin ribar tafiya, wannan kuwa ba shi da albashi a kan aikin, ba shi da la'ada, sau da yawa ma shi ne mai cikon kuɗin igiya da na magani.

To, mene ne haƙiƙanin aikinsa? A nan ne mutane da yawa suke kuskure, har da wasu daga masu riƙe da aikin. Zato ake yi aikinsa ba da oda ne, ya daka tsawa a juya dama a juya hagu, alhali kuwa ruhin tsarin gaba ɗaya yana cikin rukuni, watau yara shida zuwa takwas, da shugabansu da mataimakinsa daga cikinsu, waɗanda su ne za su raba aiki, su san wanda bai zo ba da dalilin rashin zuwansa, su koya wa sabon shiga abin da suka iya, sa'an nan shugabannin rukunoni su zauna majalisa su yanke abin da za a yi a wata mai zuwa, malam yana gefe yana saurare, ba ya sa baki sai inda shawara ta nufi haɗari ko zalunci. Wannan kuwa abu ne mai nauyi ƙwarai ga wanda ya tashi a cikin tarbiyyar da ta ɗauki shirun yaro a gaban babba shi ne cikar ladabi, ya kuma saba da aji mai cunkoso inda bulala ce take tsai da hayaniya. Mutum ya ga yaro ɗan shekara 13 yana kafa tanti a karkace, ya san da kalma ɗaya zai gyara, amma ya haɗiye kalmar ya bar shi har iska ta nuna masa kuskurensa, wannan wani nau'i ne na haƙuri wanda ya fi haƙurin yunwa wuya, kuma a wurinsa ake gane malamin da yake neman tarbiyyar yaro da wanda yake neman a ce rundunarsa ta yi kyau. Na biyun ne zai fara samun tafi, amma na farkon ne zai wayi gari, bayan shekara uku ko huɗu, ya ga yana iya yin jinyar mako biyu ya dawo ya tarar an yi taro, an rubuta sunaye, an share masallacin makaranta, ba tare da kowa ya aiko ya tambaye shi ba.

Akwai kuma wani abu da ya kamata malami a irin ƙasar Ƙaraye da Rogo ya yi tadabburi a kansa, wanda masu kwaikwayon littafi ido rufe ba su cika lura da shi ba. Baden-Powell ya tsara darussansa ne domin yaran biranen Ingila, waɗanda suka tashi tsakanin bango da bango, ba su san hura wuta ba, ba su san sunan itace ba, ba su taɓa kwana a fili ba. Yaron Zarewa ko Fulatan ko Turawa ba wannan ne ciwonsa ba. Ya san ɗaurin dami tun bai san baƙi da wasali ba, ya san ƙullin da akuya ba ta kwance shi a turke, ya bambanta kirya da marke da ɗorawa daga nesa, ya san sawun zomo da na kare, kuma in aka ce a hura wuta da ashana ɗaya dariya zai yi, don abin da yake yi ke nan kullum a gona. Malamin da ya zo daga birni ya tsaya yana koya wa irin wannan yaro sha'anin daji daga littafi, lalle zai zubar da haibarsa a rana ɗaya. Wanda yake da tawali'u kuwa sai ya mai da yaron malami a wannan fanni, ya sa shi ya koya wa 'yan cikin gari, shi kuma ya juya ga abin da yaron yake da ƙishirwarsa da gaske: ya karanta taswira ya gane arewa a takarda kamar yadda ya gane ta a sama, ya riƙe littafin kuɗin rukuni ya karanta shi a gaban 'yan'uwansa ba ragi ba ƙari, ya miƙe a majalisa ya faɗi ra'ayinsa da hujja ba tare da rawar murya ko rashin kunya ba, ya zo ƙarfe huɗu in an ce ƙarfe huɗu, ya kuma san abin da zai yi a minti biyar na farko in haɗari ya auku, kafin a sami babur zuwa asibiti.

Wannan na ƙarshe, watau taimakon farko, shi ne a wurina mafi girman hujjar da malami zai kai wa uban da ya ce bai ga amfanin abin ba. A ƙasar noma muke, inda maciji yake kwana a ƙarƙashin dami kuma lauje ba ya tambayar yatsa. Yaron da aka koya wa cewa wanda maciji ya sara ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓar tamau har jini ya tsaya, sai dai a kwantar masa da hankali, a hana gaɓar motsi, a gaggauta kai shi inda ake da allurar dafi. Wanda ya san ƙuna ruwa mai sanyi take so na tsawon lokaci, ba man goge baki ko manja ko ɗanyen ƙwai ba. Wanda ya iya haɗa ruwan gishiri da sukari ga ƙaninsa mai gudawa, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri, irin wannan yaro ya riga ya biya kuɗin kakinsa ninki ba adadi. Shi kansa ƙyallen wuyan da ake ɗauka ado ne, an yanka shi mai kusurwa uku ne domin in hannu ya karye a rataye shi da shi, in rauni ya buɗe a danne shi da shi.

Sa'an nan ga ruwa. Ƙaraye tana da madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992, tana da ta Kusalla, kuma yara suna zuwa bakin ruwa ko an yarda ko ba a yarda ba, su yi wanka, su yi kamun kifi, wasu su ɗebo tsargiya su dawo gida da ita. Ba mu manta da jirgin ruwan da ya kife a Bagwai a ƙarshen Nuwamba na 2021 ba, inda rayuka fiye da 20 suka salwanta, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. Ƙa'idar da ake koya wa ɗan sikawut ita ce kada ya faɗa ruwa don ceton mai nutsewa matuƙar akwai gora da zai miƙa masa ko igiya ko jarka da zai jefa, domin mai nutsewa yana riƙe wanda ya zo cetonsa da ƙarfin da ba nasa ba, sai a yi asarar biyu a maimakon ɗaya. Ana kuma koya masa ƙullin da yake yin zobe wanda ba ya zargewa, wanda za a zura wa wanda ya faɗa rijiya ya sa a ƙarƙashin hamatarsa ba tare da ya shaƙe shi ba. Malamin da bai iya iyo ba, kuma da yawa ba su iya ba, ba laifi ba ne ya je ya durƙusa wa masunta ya roƙi ɗayansu ya zo ya koyar, gama ilmi yana inda yake.

Amma kafin a kai ga wannan duka sai an sami yaran, samunsu kuwa shi ne yaƙin yau da kullum. Yaron ƙauye ba shi da lokacin banza irin wanda littafi yake zato. Da safe boko, da yamma Islamiyya ko makarantar allo, da dare tilawa. In damina ta sauka gona ta cinye shi, in kaka ta yi ga girbin masara da dawa, sa'an nan a ƙasar Rogo ga saran rake da aikin mazarƙwaila, a bakin madatsa ga lambu, ranar kasuwa kuma ga tallar da uwa take jira. Malami mai basira ba ya ja da waɗannan, domin in ya ja zai faɗi, kuma ya cancanci ya faɗi. Sai ya nemi yammacin Alhamis, ranar da allo yake hutu, ya je da ƙafarsa ya gai da malamin tsangaya da na Islamiyya ya bayyana musu niyyarsa, ya tsai da kome in an kira salla ya sa yaro ɗaya ya yi kira wani ya ja, ya rage taro a tsakiyar damina, a watan azumi kuma ya mai da aikin ya zama shimfiɗa tabarma da raba ruwa a wurin tafsiri. Uban da ya ga ɗansa ya dawo daga taro ya ɗauki tsintsiya ba a sa shi ba, ba ya bukatar wani dogon bayani.

Ga kuma kaki. Yadi da ɗinki da hula da takalmi, a wannan zamani na tsada, sun fi ƙarfin gidaje da yawa, kuma babu abin da yake kashe zuciyar yaro kamar a ce ya koma gefe ranar fareti don wandonsa bai yi kala ɗaya da na sauran ba. Hukuncina a nan ba shi da kwana: yaron da ya ɗauki alƙawari ya ɗaura ƙyalle ɗan sikawut ne cikakke ko da rigar makaranta ce a jikinsa, kuma runduna mai kyau ita ce wadda wanda ya gama yake wanke kakinsa ya bar wa na baya, ake kuma yin karo-karo kaɗan-kaɗan a hannun ma'aji yaro, da littafi a buɗe wanda kowa zai iya dubawa. Malamin da ya riƙe kuɗin a aljihunsa, ko da ya fi kowa gaskiya, ya hana yara darasi kuma ya buɗe wa kansa ƙofar zargi.

Zango shi ne abin da yara suke ɗoki shekara duka, galibi da sanyin hunturu bayan an kai amfanin gona gida. A can ne ake ganin halin kowa tsirara: wanda yake ɓuya in an zo wanke tukunya, wanda yake raba ƙosansa biyu, wanda dafa-dukarsa ta kama ya ɗora wa itace laifi, da shugaban rukunin da ya fahimci cewa shi ne zai ci a ƙarshe. Da dare a kewaye wuta a yi tatsuniya da kacici-kacici da ɗan wasan kwaikwayo, a yi wa malam shaƙiyanci daidai gwargwado shi kuma ya yi kamar bai gane ba. In kowa ya kwanta sai ya ɗauki tocila ya ƙirga kawuna, ya sake ƙirgawa kafin asuba. Sai dai zamani ya taƙaita wannan ni'ima. Tun da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamba na 2020, ba uba mai hankali da zai saki ɗansa ya kwana a daji, balle a yanki irin Rogo da yake iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. Don haka zangon yau a cikin katangar makaranta ya kamata a yi shi, da izinin iyaye a bayyane, da sanin dagaci da jami'an tsaro. Ya rage daɗi, amma tukunya tana kamawa a harabar makaranta kamar yadda take kamawa a daji, darasin bai ragu ba.

Wajibi ne kuma in taɓo wata magana da kunya take hana mu faɗa, alhali shirun ba ya kare kowa sai mai laifi. Duk inda aka tara yara aka damƙa su ga babba, to wurin yana jawo masu niyyar alheri, yana kuma jawo wanda ba ita ce ta kawo shi ba. Ƙungiyar sikawut ta Amurka, da dukiyarta da tsufanta, sai da ta kai kanta kotu a kan karayar arziki a 2020 saboda ƙararrakin cin zarafin yara, waɗanda masu shigar da su suka haura 80,000, kuma babban abin da ya kai ta ga haka shi ne fifita rufin asirin ƙungiya a kan haƙƙin yaro. Maganin ba mai tsada ba ne: kada babba ya keɓe da yaro inda ba mai ganinsu, kada a fita kwana sai da manya biyu ko fiye, kada babba ya kwana a tanti ɗaya da yara, a kuma sanar da kowane yaro wanda zai kai wa kuka in an yi masa abin da bai gamsu da shi ba. Malamin kirki ba ya jin wannan a matsayin tuhuma, domin shari'armu ma ta san toshe kafar ɓarna tun ba ta auku ba, kuma ƙa'idar tana tsare mutuncinsa kamar yadda take tsare yaron.

Akwai wata ɓarnar da ta fi wannan yawa ko da ba ta kai ta muni ba, ita ce mai da 'yan sikawut 'yan gadi. A yi biki ko saukar karatu ko taron siyasa, sai a aiko wa malam a ce a ba da aron yara su tsare ƙofa, su wuni a rana suna tura manya da gora, a sallame su da ruwan leda. Hidima ga jama'a tana cikin alƙawarinsu, gaskiya ne, kuma ba aibi ba ne su nuna wa baƙo wurin zama ko su riƙe yaron da ya ɓace a filin Idi har uwarsa ta zo. Amma tsare taro aikin manya ne, kuma muna da masu yinsa, 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Fityanul Islam da na Izala, waɗanda baligai ne da suka zaɓi aikin da kansu. Taron siyasa kuwa ko kusa bai kamata a kai su ba. Malamin da ya iya cewa a'a ga mai kuɗi ko mai mulki a kan wannan, cikin ladabi, ya koya wa yaransa abin da ya fi dukkan ƙulle-ƙullen igiya.

Shi kansa malamin yana bukatar mai koya masa, domin kyakkyawar niyya ba ta isar da mutum ga sanin aiki. Tun 1919 aka fara horar da shugabanni a Gilwell kusa da London, kuma har yau wanda ya kammala babban horon, a kowace ƙasa yake, ana rataya masa 'yan ƙwayoyin itace biyu a tsirkiyar fata; ƙwayoyin farko an ciro su ne daga wata doguwar sarƙar wuya da ake dangantawa da Dinizulu, sarkin Zulu, watau ko alamar girman ma daga Afirka ta tafi. Sai dai malamin ƙauye da zai je irin wannan horo a Kano ko wani birni da kuɗin motarsa zai je, ya bar iyali da gona, don haka da yawa suna aiki ne da abin da suka tuna daga ƙuruciyarsu, abin da aka fi tunawa kuwa shi ne fareti. Haka sha'anin 'yan mata yake, ko ma ya fi: ƙungiyarsu tana Nijeriya tun 1919, amma ba uban da zai ba da 'yarsa sai ga malama mace da ya amince da ita, kuma inda ba a sami malamar ba, ba abin da zai tsiro.

Babbar musibar aikin dai ita ce rataya shi a wuyan mutum ɗaya. Takardar canjin wurin aiki guda ta isa ta rushe ginin shekara goma: tuta ta shige kwabad, gara ta ci gorori, yara su watse. A Kusalla ne sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yake, kuma daga cikin matasan da ake rarrabawa makarantu ba a rasa wanda ya yi sikawut a garinsu, mai himma da sabon jini. A yi maraba da shi, a amfana da shi, amma a tuna baƙon shekara ɗaya ne, ba a kafa rumfa a kan kafaɗar mai wucewa. Abin da ake bukata ɗan gari ne, kuma ba sharaɗi ba ne ya zama malamin aji. Tsohon hedimasta da ya yi ritaya, da ma'aikacin lafiya, da tela, da kafinta, da tsohon soja mai sanyin hali, kowannensu yana da abin da zai bayar a yammaci ɗaya cikin mako, kuma irin wannan aiki, a fahimtata, yana kusa da abin da malamai suke kira farilla ta kifaya, wadda in wasu suka tsaya da ita an ɗauke wa saura, in kuwa kowa ya zuba ido to nauyin yana kan kowa. Masarautar Ƙaraye, wadda a tsarin masarautun Kano na 2024 ta ƙunshi ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san mutumin kirki a kowane lungu, kuma kalmarsu ɗaya ta isa ta sa uba ya saki jiki. Su ma shugabannin ilmi na ƙananan hukumomin biyu, ba zai gagare su ba su ɗauki kuɗin motar malami biyu ko uku zuwa horo a shekara, su kuma duba kafin su canza wa mai riƙe da runduna wuri ko ya bar mataimaki a bayansa.

Kai kuma mai karatu, in kana da ɗa ko ƙane a makarantar garinku, ka ratsa wani yammacin Alhamis ka tambayi hedimasta wa yake riƙe da 'yan sikawut. In an nuna maka shi, ka gai da shi da sunansa, ka tambaye shi abin da ya rasa. In kuwa aka ce ai tun da malam wane ya tashi ba a sake yi ba, to ka tambaya ko tutar tana nan a kwabad, ka kuma nemi mutum na biyu da za ku ɗauko ta tare.